Kunya Bakwai a Gidan Baƙi

Mako uku kacal ƙanena Surajo ya yi a Kambodiya, amma shekara guda cur muka yi muna jin ta a kunne. Ƙungiyar manoman shinkafa ta nan Gummi ce ta tura shi ya koyo dashe irin nasu. Dashen dai ban ga inda ya yi shi ba, surutu ya dawo mana da shi. In ka miƙa masa ruwa, a Kambodiya ba haka ake miƙawa ba. In ka gaishe shi, sai ya haɗe tafuka a ƙirji ya sunkuyar da kai kamar mai neman gafara. 'Yan kabu-kabun tasha suka laƙaba masa Surajo Kambodiya, shi kuwa sakaran har amsawa yake.

Ni Basira abinci nake sayarwa a bakin tasha, kuma kowa ya san ba ni da lokacin shirme. Ina tsakiyar kwashe tuwo ranar wata Talata ya zo ya tsaya mini a ka, yana murmushi har kunne.

"Yaya, baƙi za mu yi. Malamanmu na can ne, su uku, za su zo duba fadama. Ina son in yi masu irin abin da suka yi mana."

"To, Allah ya kawo su lafiya. Matsa, ka tare mini haske."

Bai matsa ba. Waya ya ciro ya danna mini a ido. Karo na ɗari ke nan da nake ganin wannan bidiyon. Wasu mata ne sanye da huluna na zinariya masu tsini, suna lanƙwasa yatsu baya har ka ji tsoron kada su karye, suna ɗaga ƙafa a hankali kamar hawainiya. A gabansu tebura cike da Turawa, kowa da cokali, suna ci suna kallo. Gaskiya matan sun iya abinsu, ban raina masu ba. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda mutum zai zauna yana tauna, wani na gabansa yana zufa, bai ce masa bismilla ba.

"Can har rawar masunta gare su, da rawar girbi," in ji Surajo. "Mu kuma sai mu yi rawar noma. Ranar Asabar bayan la'asar, a gidan baƙi. Ke za ki yi abinci. Na aika Anka a zo da Baba Murtala da gangarsa. Baba kuma zai zauna a tsakiya da warkinsa, a matsayin Sarkin Noma."

Na ajiye mara. "Wane Baban?"

"Babanmu mana."

"Kai Surajo, ka sha wani abu ne? Noma rawa ne? Ubanka za ka ɗora a kujera baƙi su ci tuwo suna kallonsa kamar birin wasa? Wallahi ba da ni ba, kuma ba ina raye ba."

Dole in faɗi abin da ya sa na tashi haka. Babanmu, Malam Abdussamad, shi ne Sarkin Noman tungarmu ta wajen Adabka. In ana gayya, wato ranar da gari ya taru ya nome gonar mutum ɗaya, shi ke shiga gaba da galma, babbar garmar huɗa, Baba Murtala na biye da shi da gangar noma, samari ashirin na bayansa suna haki ba su cim masa. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu, muka dawo cikin gari muka kama haya. Tun ranar bai sake taɓa galmar ba. Ya tura ta ƙarƙashin gado, shi kuma ya zauna a zaure yana kallon bango. In Innarmu Kulu ta kai masa tuwo, loma biyu zai yi ya ture kwano, ya ce, "Mi niy yi da zan ci?" Mutumin da ke tashi da akushi shi kaɗai ya koma rigarsa na rataye a kafaɗa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, mutunci. Shi ne Surajo ke son ya shimfiɗa a gaban baƙi.

Da na koma gida da yamma, warin fenti ne ya tare ni tun daga zaure. A tsakar gida na iske galmar Baba jingine da bango, an shafe ta da fentin ruwan zinariya tun daga baki har ƙota, tana ta ƙyalli. Gefenta wasu galmomi shida na kwali, su ma an shafe.

"Inna lillahi! Inna, kina gidan nan aka yi wannan?"

Inna ta ce, "Na yi magana, ɗiyata. Yac ce haka aka yi can."

Na ɗauki muciya na nufi Surajo, ya zagaya bayan randa. Gemu gare shi, da 'ya'ya biyu, amma a ranar, da na kama shi, da ya gane ni na goya shi. Ina faɗa yana faɗa. Na ce kunya zai jawo mana, kunyar da har jikokinmu sai an yi masu gori da ita. Ya ce ni ban waye ba, ban taɓa wuce Gusau ba. Hayaniyar ce ta fito da Baba. Ya tsaya ya daɗe yana duban galmar. Na jira ya yi tsawa irin ta da, wadda ke sa awaki su watse. Sai kawai ya ce, "Bar shi, Basira. Galmar da ba ta aiki, ko ado ta yi." Ya juya ya koma zaurensa. Wannan maganar ta fi mari ciwo, kuma a ranar ban iya cin komai ba.

Da na so in ƙi dafa abincin, sai na tuna in ba na wurin, babu mai tare wa Baba komai. Don haka na je.

Daren Juma'a aka yi ruwa mai kyau, Asabar gari ya waye da laima. Gidan baƙin yana da wani fili a tsakiya, an shuka masa ciyawa shar, gajera, an daidaita ta kamar askin ango. Manajan gidan, Lukman, tun da muka shiga yake bin mu yana gargaɗi. Daga Abuja aka kawo ciyawar, kada a taka, kada a zubar da ruwan wanke-wanke. Tebura a baranda, masu rawa a kan siminti, ciyawa ta kallo ce kawai. Na ce masa mun ji, ba kiwo muka zo ba.

A madafa kuma Surajo ya hana ni sakat. Wai tuwon shinkafar kada in yi malmala, in mulmula shi ƙanana.

"Ƙanana kamar me?"

"Kamar ƙwan zabo. Bibbiyu a faranti. Miyar a ɗiga a gefe. Kuma kada a kai gaba ɗaya. Wainar hoce tukuna, in sun cinye a kai tuwo, in sun cinye a kai fura."

"Mutane sun taso tun daga bangon duniya, ka ba su ƙwan zabo biyu? Su koma gida su ce yunwa ake yi a Zamfara? Kai, fita mini daga nan kafin in mulmula ka."

Na yi masa ƙwan zabonsa don a zauna lafiya. Amma na tuƙa tuwon dawa na gaske, na cika akushi guda na rufe da faifai na ajiye gefe, don ni ban iya dafa abincin da ba ya ƙosarwa.

Baba Murtala na gani zaune a gindin darbejiya, ganga a cinya, fuska a murtuke. Ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi jajen bayan rabuwa.

"Ɗiyata, wanga ƙanen naki lahiya yake? Wai in yi kiɗi sannu-sannu. Shekara arba'in ina kiɗin noma, ban taɓa jin ganga ta san sannu ba. Wai kuma in riƙa murmushi!"

"Baba, yi masa yadda yake so a rabu lafiya. Abu ɗaya nake roƙon ka don Allah. Kada ka kaɗa taken Babanmu."

Kowane babban manomi yana da takensa, kiɗan da ganga ke kiran sa da shi shi kaɗai. In ya ji, jikinsa tsuma yake, ba ya iya zama. Ni tsorona kada Baba ya ji, ya miƙe a gaban baƙi, ƙafafun da suka shekara uku a naɗe su kasa, ya faɗi ana ɗaukar sa hoto.

Baba Murtala ya ce, "Ni ma ban so. Na yi maki alkawari."

Baƙin suka iso bayan la'asar, maza biyu da wata dattijuwa 'yar firit mai furfura, Surajo na kiran ta Madam Bofa. Mutane ne masu kirki, sai sunkuyawa suke suna murmushi. Aka zaunar da su tare da shugabannin ƙungiya. Aka fito da Baba sanye da warki, aka ɗora shi a kujerar roba a tsakiyar siminti, aka gitta masa galmar zinariya a cinya. Bai dubi kowa ba. Ni ina kai hoce ina cizon leɓe, har na ji ɗanɗanon jini.

Sai aka fara. Samari shida 'yan ƙungiya suka fito da galmomin kwali. Baba Murtala na buga ganga, dum, sai ya jira kamar mai jiran mota, sannan dum. Samarin su ɗaga ƙafa ɗaya su tsaya. Su duƙa a hankali, su shafi iska da kwali, su miƙe, su lanƙwasa yatsun hagu baya yadda Surajo ya koya masu. Ƙatti majiya ƙarfi, yatsu duk kanta, suna lanƙwasa! Ɗaya har ya riƙe tasa a juye, baki na kallon sama. Mutanen unguwa da suka leƙo ta kan katanga suna dariya har da riƙe ciki. Baƙin dai suna gutsurar hoce suna gyaɗa kai cikin ladabi. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige.

Duk da haka da an ƙare lafiya, ba don bakin Surajo ba. Ya ɗauki lasifika ya yi Turanci mai tsawo, sannan ya juya zuwa Hausa don shugabannin ƙungiya.

"Wannan dattijo da kuke gani shi ne tsohon Sarkin Noma. A da, shi ke jan gayya. Yanzu ya daina. Mun kawo shi ne don a ga yadda manoman da suke."

Gangar ta tsaya cak.

"A da?" in ji Baba Murtala. Ba lasifika gare shi ba, amma kowa ya ji. "Wa yad daina? Kai yaro, wa yac ce maka ya daina?"

Ya dube ni. Na girgiza kai, na ɗaga hannu biyu ina roƙo. Ya kawar da fuska. Tsohon nan da ya yi mini alkawari da bakinsa ya gyara ratayar ganga, ya ɗaga gula, ya sake ta da ƙarfin da sai da faranti suka yi ƙara a tebur. Ya buɗe murya:

"Na Kulu gagara fako! Mijin ƙasa, ba ka duban rana! Tashi, ƙasa ta yi laima!"

Na ga yatsun Baba sun motsa a kan ƙotar. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Na ajiye tire na ruga, ina cewa, "Baba, zauna, don Allah zauna!" Kafin in kai ya miƙe, kujerar ta kife. Ya bi ta tsakiyar samarin kamar ba su nan. Bai tsaya a siminti ba. Ya sauka kan ciyawar Lukman, ya tofa yawu a tafuka, ya duƙa.

Saran farko, galmar ta nutse har wuya. Ya kifar da ƙasar gefe, baƙa, mai laima, ƙamshinta ya taso har baranda. Ya ƙara, ya ƙara. Baba Murtala ya sauka ya bi bayansa, ganga na faɗa masa magana yana amsawa da ƙarfe.

"Ciyawata!" Lukman ya ɗora hannu a ka. "Jama'a ku riƙe shi! Daga Abuja fa!"

Wa zai riƙe shi? Surajo ya bi gefe da lasifika yana, "Baba, a iska ake yi! A iska!" Ko kallo bai ishe shi ba. Mutanen kan katanga sun daina dariya, wata tsohuwa a cikinsu ta rangaɗa guɗa. Samarin suka yar da kwalayensu suka tsaya baki buɗe. Ni kuwa ina tsaye a bakin siminti, haushi da tsoro sun cika ni, ina jiran ya faɗi.

Bai faɗi ba. Ya kai katanga ya juyo. Kunya ɗaya ta kwanta a bayansa, irin tudun da ake shuka a kai, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da igiya. Ya kama ta biyu. A ta uku fentin ya fara barin bakin galmar. A ta biyar babu sauran zinariya sai a ƙota, ƙarfen ya fito fari yana walƙiya irin walƙiyar da na sani tun ina yarinya. Zufa ta jiƙe warkin. Sai a lokacin na lura kuka nake yi, kuma na ji haushin kaina da nake kuka a gaban mutane.

Na waiwaya baranda. Madam Bofa ta ajiye cokali, ta ture farantin ƙwan zabonta. Ta tuɓe takalma ta sauko, ta damƙi ƙasar da Baba ya juya, ta murza, ta sansana. Ta yi wa Surajo magana a hankali. Na ce, "Me ta ce?"

Ya yi ƙasa da kai. "Wai ko a can, masu rawar masunta ba su taɓa kama kifi ba. Wai wannan ba rawa ba ce, bai kamata a ci abinci ana kallo ba."

"To ka ji. Sai da aka taso daga Kambodiya aka faɗa maka abin da na faɗa maka ran Talata."

Kunya bakwai filin ya ɗauka. A ƙarshen ta bakwai Baba ya kai kusurwar katanga, ya ɗaga galma, babu inda zai sara. Gangar na ta kira. Ya duba dama, siminti. Ya duba hagu, bulo. Ya tsaya yana haki, galma a sama, kamar wanda aka tasa daga barci. Mutumin da gonarsa in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan.

"Ina saura?" ya ce.

Baba Murtala ya sauke gula a hankali. Ɗaya daga cikin baƙin maza ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya bari.

Ni dai na san abin da ake yi in mai noma ya kai bakin gona. Na shiga madafa na ɗauko akushin nan da na ɓoye, da kwanon miyar kuka, na wuce ta gaban teburan baƙi da shugabanni ban dubi kowa ba. A gayya wanda ya duƙa ake kai wa abinci, ɗan kallo sai ya jira. Ina tafe tsakanin kunyoyin, ƙafata na nutsewa, sai na ji motsi a bayana. Madam Bofa ce ƙafa ba takalmi, ta rungumo ƙwaryar furar da aka tanadar masu, tana tafe a hankali kada ta zube.

Baba ya zauna a ƙasa ya jingina da katanga. Na durƙusa na zuba masa ruwa ya wanke hannu, na buɗe akushi. Ina jiran maganar nan tasa ta kullum. Ya yi bismilla, ya ce, "Murtala, taho." Tsofaffin biyu suka sa hannu. Loma biyu, uku, goma. Ban ƙirga sauran ba. Sai da na ji yatsunsa na kankarar gindin akushi. Ya karɓi ƙwaryar daga hannun baƙuwar ya kafa kai, ya sauke, ya ce mata, "Sannu da aiki." Ta haɗe tafuka ta sunkuya.

Lukman na can yana zagaya filin yana sambatu, Surajo na biye da shi yana ba da haƙuri. Na ce a raina su ƙarata, shi ya gayyato. Kunyar da na yi kwanaki ina tsoro ba ta zo ba, wata iri ce ta zo, guda bakwai, ga su nan kwance.

Rana ta yi ƙasa, an kusa kiran magariba. Baba ya goge bakin galmar da gefen warki. Ya ɗebi ƙasa a tafi yana dubawa.

"Basira, wa ad da wagga gona?"

"Ba gona ba ce, Baba. Wurin shan iska ne. Ciyawar ado aka shuka."

"Ƙasa mai kyau haka? Shekara nawa ba a noma ta ba?"

"Tun da aka gina gidan. Za ta kai goma."

Ya mayar da ƙasar inda ya ɗebo, ya daddanna ta da tafin hannu a hankali, yadda Inna ke lallashin jika.

"Allah sarki," ya ce. "Ashe ba ni ɗai anka zaunar ba."